Mafarauci da Abin Farauta: Darasi Daga Gonakin Gero na Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Tambayar da wannan lacca ta ɗauko tsohuwa ce, kuma da wuya a sami manomin da bai taɓa yi wa kansa ita ba. Tun kaka da kakanni dila yake bin zomo, mujiya take cin kusu, shamuwa take tsintar fara, amma har yau ba a rasa zomo a daji ba, ba a rasa kusu a rumbu ba, fara kuwa sai dai a yi kuka da yawanta. To, me ya hana mafarauci cinye abin farautarsa ƙarƙaf, sa'an nan shi ma yunwa ta gama da shi? In kuwa akwai wani abu da yake riƙe da su duka biyu, me ya sa wata shekarar riƙon yake suɓucewa, a wayi gari ƙwari sun rufe gonaki?

Masana sun nemi amsa ta fuska biyu. Ta farko ita ce ilmin zaman halittu da muhallinsu, watau yadda ruwan sama, da abinci, da maɓoya, da abokan gaba suke ƙara yawan wata halitta ko su rage shi. Ta biyu ita ce ilmin sauyin halitta, watau yadda halayen da ake gada daga iyaye suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. An daɗe ana ɗauka cewa na farko aikin yau da gobe ne, na biyu kuwa sai an yi dubban shekaru kafin a ga alamarsa. Binciken da aka yi daga tsakiyar ƙarni na 20 zuwa yau ya nuna cewa su biyun suna iya tafiya a lokaci guda, kowanne yana juya akalar ɗan'uwansa. Manufar laccar ita ce ta bayyana yadda haka take faruwa, tare da ɗaukar misali daga gonakin gero na Sabon Birni da Isa, da na maƙwabtansu na Tsibiri da Maraɗi a ƙetaren iyaka.

Ƙasar da Yanayinta

Sabon Birni da Isa suna gabashin Jihar Sakkwato, a tsohuwar ƙasar Gobir, inda kufan Alƙalawa yake. Kogunan Bunsuru da Gagare suna haɗuwa a wannan yanki su zama Gulbin Rima, Gulbin Maraɗi kuma ya dawo daga Jamhuriyar Nijar ya zuba a cikinsa. Saboda haka ƙasar ta kasu biyu: akwai fadama mai laka wadda take riƙe danshi har cikin rani, akwai kuma jigawa mai rairayi inda ake shuka gero da maiwa da wake. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin shekara kuwa rani ne.

Wannan doguwar rani ita ce ginshiƙin zancen. Duk wata halitta da take zaune a jigawa dole ta sami dabarar ƙetare wata takwas ba ɗanyen ganye. Wata takan yi ƙaura, kamar shamuwa da take tafiya gabashi da kudancin Afirka ta dawo gab da saukar ruwa. Wata takan koma fadama ko cikin gari. Wata kuma takan shiga ƙasa ta kwanta kamar matacciya. Wanda ya fi iya jure rani tsakanin mafarauci da abin farauta, shi ne zai fara damina da rinjaye.

Lissafin Hawa da Sauka

A shekarar 1925 Alfred Lotka a Amurka, da kuma Vito Volterra a Italiya a 1926, kowannensu ya fitar da lissafi iri ɗaya ba tare da sun haɗa kai ba. Ga yadda lissafin yake a taƙaice. Idan abin farauta ya yawaita, mafarauci yakan ƙoshi ya hayayyafa. Idan mafarauci ya yawaita, sai abin farauta ya ragu. Daga nan yunwa ta kama mafarauci, shi ma ya ragu, abin farauta ya sami sarari ya sake yawaita. Abin lura a nan shi ne kullum mafarauci a baya yake. Ba ya yawaita sai abincinsa ya riga ya yawaita, domin haihuwa da reno suna cin lokaci. Shahararren misali shi ne na arewacin Kanada, inda littattafan cinikin fatu na kamfanin Hudson's Bay suka nuna yawan wata kyanwar daji yana hawa yana sauka kusan duk shekara 10, yana biye da yawan zomon da take ci.

Amma da aka gwada abin a ɗakin bincike sai aka ga lissafin bai isa ba. A 1934 wani masani a Mosko, G. F. Gause, ya haɗa wasu ƙananan halittun ruwa iri biyu a kwalba, ɗaya yana cin ɗaya. Mafaraucin ya cinye abincinsa kaf, sa'an nan ya mutu. Da aka sa laka a gindin kwalbar, abin farauta ya sami wurin ɓuya ya tsira, mafarauci kuwa ya mutu da yunwa. A 1958 Carl Huffaker na Jami'ar Kalifoniya ya yi irin wannan gwaji da wasu ƙananan ƙwari iri biyu a kan 'ya'yan lemo. Da ya tara lemon wuri ɗaya, nan da nan aka cinye masu cin lemon. Da ya warwatsa lemo fiye da 100, ya sa shingaye da suke wahalar da mafarauci, sai duka biyun suka rayu, yawansu ya hau ya sauka har sau uku. Darasin shi ne zaman tare ba ya ɗorewa sai akwai maɓoya, ko ta wuri ko ta lokaci.

Murzuna da Ɗan Ƙaramin Zanzaro

Babu inda wannan darasi ya fito fili kamar a kan zangarniyar gero. Akwai tsutsar nan da manoman Gobir da Maraɗi suke kira murzuna, wadda masana suke kira Heliocheilus albipunctella. Uwarta wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Yakan fito daga ƙasa kimanin wata ɗaya bayan saukar ruwa mai ƙarfi na farko, daidai lokacin da gero yake fid da kai, ya zuba ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe takan bi cikin zangarniyar tana yanke gindin fure da ƙwaya, ta bar wata hanya a murɗe kamar an naɗa zare. Idan ta ƙoshi sai ta sauko ta nutsa cikin rairayi, ta kwanta nan har damina mai zuwa. Zuriya ɗaya tak take yi a shekara. Ba a ɗauke ta babbar annoba ba sai bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974. Tun daga lokacin ta zama ɗaya daga cikin manyan abokan gaban gero a ƙasashen Sahel, har an ba da rahoton asarar da ta kai kashi 85 cikin 100 a gonakin da abin ya yi tsanani.

Murzuna tana da nata abokin gaba, wani ɗan zanzaro da bai fi ƙwayar gero girma ba, mai suna Habrobracon hebetor a wurin masana. Kowa ya san yadda zanzaron ɗaki yake harbin tsutsa ya sumar da ita, ya kai ta gidansa na laka don 'ya'yansa su ci. Wannan ƙaramin ma haka yake yi, sai dai shi ba ya gini. Macen takan harbi murzuna a cikin zangarniya, ta zuba ƙwai a jikinta, 'ya'yan su tsotse ta. Daga ƙwai zuwa babban zanzaro wajen kwana 10 ne a lokacin zafi. Ke nan cikin wata ɗaya yana iya yin zuriya biyu ko uku, alhali murzuna sai shekara. Bisa ga wannan, da sai a ce tuni ya ƙarar da ita.

Abin da ya hana shi ne halin da kowannensu ya gada. Kwanciyar da murzuna take yi a ƙarƙashin ƙasa maɓoya ce ta lokaci: wata goma ko fiye babu ita a doron ƙasa, zanzaro kuwa ba ya tona rairayi. Shi kuma ba shi da irin wannan doguwar kwanciya, saboda haka mafi yawansa yakan mutu da rani. 'Yan kaɗan da suke saura suna rayuwa ne domin shi ba mai zaɓen abinci ba ne, yana harbin tsutsotsin da suke cin hatsi a rumbu da wasunsu. Idan damina ta zo yakan fara da ƙaramin adadi, kafin ya yawaita murzuna ta gama ɓarna, da yawa kuma sun riga sun shige ƙasa. A ƙarshen damina akan tarar ya kashe kaso mai yawa na tsutsotsin da suka makara, amma manomi ya riga ya yi asara. Wannan shi ne jinkirin da Lotka da Volterra suka lissafa, sai dai a nan halin gado ne ya ƙayyade tsawonsa. Kwanciyar murzuna ta hana a ƙarar da ita, rashin zaɓen abinci ya hana zanzaro ƙarewa, shi ya sa duka biyu suke nan kowace shekara.

Yadda Gado Yake Sauyawa

Bayanin da Charles Darwin ya kawo a 1859 bai fi ƙarfin fahimtar manomi ba, domin manomi yana aikata irinsa duk kaka. Idan ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri, bayan 'yan shekaru geron gonarsa yakan ɗauki kamannin abin da yake zaɓa. A daji kuwa yunwa da fari da mafarauci su ne suke yin wannan tankaɗe da rairaya. Wanda halinsa ya taimake shi ya tsira, shi ne zai haihu, 'ya'yansa kuma su gaji halin.

Shaidar saurin wannan aiki tana nan kusa. A 1954 aka fara feshin maganin sauro a ɗakunan kwana a yammacin Lardin Sakkwato na wancan zamani, wajen Birnin Kebbi, don gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Kafin ƙarshen 1955 aka tarar sauron ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan, mai suna dieldrin. Dama akwai 'yan ƙalilan da suka gaji juriya. Maganin ya share sauran, ya bar musu fili. Shaida ta biyu daga geron kansa take. Masana sun gwada irin da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan a 2003, suka shuka su gefe da gefe. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa geron 2003 ya fi saurin fid da kai, zangarniyarsa kuma ta fi gajarta. Shekarun ƙarancin ruwa, tare da hannun manoma, sun sauya gero cikin ƙasa da shekara 30. Tun da rayuwar murzuna a ɗaure take da ranar da gero ya fid da kai, ta yadda geron da fitarsa ta dace da tashin uwar ya fi shan wahala, maiwa mai makara kuwa takan kuɓuta, duk wani sauyi a lokacin gero sauyi ne a abincinta, kuma sauyi ne a abincin zanzaro.

Gwajin da ya fi bayyana yadda sauyin gado yake juya hawa da saukar adadi shi ne wanda aka buga a 2003 daga Jami'ar Cornell ta Amurka. An sa wata ƙaramar dabbar ruwa tare da gansakukar da take ci. Inda gansakukar ta kasance iri ɗaya tak, adadin su biyun ya riƙa hawa da sauka da sauri, mafarauci yana ɗan baya kaɗan, daidai da tsohon lissafi. Inda aka gauraya iri daban-daban kuwa, sai zagayen ya yi tsawo, har mafarauci ya riƙa kai ƙololuwa a lokacin da abincinsa yake ƙasa. Dalili shi ne akwai irin gansakukar da take da wuyar ci amma ba ta saurin yaɗuwa, akwai kuma mai daɗin ci mai saurin yaɗuwa. Idan mafarauci ya yi yawa, mai wuyar ci ce take saura, sai yunwa ta rage shi. Idan ya ragu, mai saurin yaɗuwa ta danne 'yar'uwarta, abinci ya dawo. Duk wannan cikin makonni ya faru.

Abubuwa biyu suka fito daga nan. Na farko, kariya ba ta zuwa kyauta. Abin da halitta ta kashe wajen kāre kanta ta rage shi ne daga abin da za ta kashe wajen girma da haihuwa, shi ya sa ba a samun abin farautar da ya gagari mafarauci har abada. Na biyu, matsin da yake kan ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Dila idan ya rasa zomo ya rasa kalaci ne, gobe ya sake gwadawa, amma zomon da aka kama ba zai sake haihuwa ba. Saboda haka tankaɗen ya fi tsanani a kan wanda ake bi, kuma sau da yawa shi ne yake ɗan gaba a tseren.

Hannun Ɗan Adam

Abin da ya sa Volterra ya shiga wannan bincike shi ne surukinsa, Umberto D'Ancona, ya lura cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka rage su a Tekun Adiriyatik, kason kifaye masu cin 'yan'uwansu ya ƙaru a kasuwa. Lissafin ya nuna cewa akasin haka ma gaskiya ne: duk abin da yake kashe mafarauci da abin farauta ba bambanci, a ƙarshe abin farauta yake taimaka wa. Shi yana farfaɗowa da wuri domin abincinsa yana nan, mafarauci kuwa sai ya jira.

Fari yana yin irin wannan aiki. Bayan farin farkon shekarun 1970, da ruwa ya dawo, fara ta ɓarke a ƙasashen Sahel a 1974 da 1975, ɓeraye kuma suka biyo baya a 1975 da 1976. Haka aka sake gani da fara a 1985 da 1986 bayan farin 1984. Ƙwan fara yana iya jira a ƙasa, masu cinsa kuwa fari ya rage su. Cikin masu cin ƙwan nan har da tsutsotsin wasu nau'o'in hangara, ƙwaron nan mai cin bununin gero wanda ruwan jikinsa yake sa fata ta yi bororo. Babbansa abokin gaban manomi ne, ƙaraminsa kuwa mai taimakonsa ne a ƙarƙashin ƙasa, abin da yake nuna cewa raba halittu gida biyu, masu amfani da masu ɓarna, ba koyaushe yake da sauƙi ba.

Maganin feshi mai kashe kowane ƙwaro shi ma haka yake, har ya fi fari illa ta fuska ɗaya, domin yana tankaɗe masu juriya kamar yadda aka gani a Birnin Kebbi. A gwaje-gwajen da aka yi a Maine Soroa ta gabashin Nijar cikin shekarun 1990, maganin guba ya karya yawan fara nan take, amma cikin 'yan makonni ta dawo. Wani magani da aka yi da ƙwayar cuta mai kama fara kaɗai ya ɗauki lokaci kafin ya yi aiki, amma tasirinsa ya fi daɗewa, kuma ya ƙyale sauran ƙwari. Kashe mujiya saboda camfi, da sare itatuwan da shamuwa da balbela suke sheƙa a kai, duk rage mafarauta ne ba tare da an taɓa abin farauta ba. Binciken da aka yi a yankin Bambey na ƙasar Senegal ya nuna cewa gonakin da suke kewaye da itatuwa masu yawa iri-iri sun fi samun masu rage murzuna, har da tsuntsaye da jemagu.

Akwai kuma inda aka yi amfani da wannan ilmi aka ci riba. Daga 2006 masu bincike na hukumar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, wadda take da tasha a Tarna kusa da Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka fara kai wa manoma ɗan zanzaron nan a kan kari. Daga baya Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar ICRISAT suka ci gaba da aikin tare da su. Akan ɗinka 'yar jakar algarara, a zuba hatsi, a sa tsutsar rumbu 25 da matan zanzaro 2, a rataye jaka 15 a kewayen ƙauye daidai lokacin da gero yake fid da kai. Bayan mako guda da 'yan kwanaki sababbin zanzaro suke fara fitowa ta ramukan jakar, su bazu kilomita 3 zuwa 5. A wurare da dama sun kashe kashi 80 cikin 100 na murzuna ko fiye, wani bincike na 2014 kuma ya ƙiyasta ƙarin amfanin gona da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ba a kawo baƙon ƙwaro daga wata ƙasa ba. Jinkirin mafarauci kawai aka rage. Amma tun da rani yana sake karya yawan zanzaro, dole a maimaita aikin kowace damina.

Kammalawa

Daidaiton da ake gani tsakanin mafarauci da abin farauta daidaiton masu kokawa ne da ba wanda ya kā da wani, kowanne yana sauya kamu. Muhalli ne yake ƙayyade wanda zai tsira a kowace shekara, wanda ya tsira shi ne yake ba zuriya mai zuwa halinta, halin kuma ya koma ya ƙayyade yawan da za a gani a gona. Ga ma'aikatan gona na Sabon Birni da Isa, wannan yana nufin ƙidayar ƙwari masu ɓarna kaɗai ba ta isa a yanke shawarar feshi ba, sai an duba masu cinsu da kuma lokacin da suke isowa. Yana nufin gawo da sauran itatuwan gona, da shuka gero da maiwa da wake tare, da adana iri daban-daban a hannun manoma, duk suna cikin kayan yaƙi da ƙwari. Ga ɗalibai kuwa, filin bincike a buɗe yake a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri wadda aka ɗora wa alhakin inganta gero a Nijeriya. Rairayin Tsibiri da na Sabon Birni iri ɗaya ne, geron ɗaya ne, murzunar ma ɗaya ce, saboda haka dabarar da ta yi aiki a Maraɗi ta cancanci a gwada ta a bakin Gulbin Rima.